Surukina da Faifai na Biyu

Da ƙarar cokali abin ya fara. Malam yana da wata ɗabi'a tun muna amare: in yana da magana ba ya kiran sunana, sai ya ƙwanƙwasa cokali a bakin kofin shayinsa, ƙil-ƙil, ni kuma in bar abin da nake yi in zo in zauna. Ran nan da safe ina tsintar shinkafa na ji ƙil-ƙil ɗin ta fi ta kullum tsawo. Na goge hannu na zo. Ya ce 'yarmu Bilkisu ta sauka lafiya, an samu namiji, kuma mijinta yana shirya mini biza da tikiti in je in yi mata wanka. Na ce a Dubai ɗin? Ya ce a'a, a Ɗambatta.

To, ku matan Islamiyyarmu, tun da na dawo kun hana ni sakat. Wannan ta tare ni a gidan suna, waccan a wajen niƙa, kowa tambayarta ɗaya: yaya ƙasar take? Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta sau ɗaya kowa ta karanta. Wadda ke jiran labarin dogayen gine-gine da gwal ta yi haƙuri. Na gan su, suna nan, dogaye ne kuma. Ni abin da na ɗauko daga can labarin surukina ne da wani faifan fim na Faransawa.

Kayana kaɗan ne, na mai jego ne suka cika akwati: kanwa, garin kunu, yajin jego, daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, ganyen darbejiya da na shanya a inuwa, da turaren wuta. Malam ya tsaya yana kallona ina ɗaure ledoji, ya ce in Larabawa suka kama ni kada in ce na san shi.

Na taɓa shiga jirgi shekarar da muka sauke farali, amma can a cikin garke muke, inda aka juya mu nan muke bi. Wannan karon ni kaɗai ce. Allah ya haɗa ni da wata Hajiya Lami, 'yar kasuwar Kwari, a kujerar kusa da ni. Ita zuwa Dubai a wajenta kamar zuwa Sabon Gari ne. Tun kafin jirgi ya tashi ta cire takalmi ta miƙe ƙafa, tana waya tana faɗa da wani a kan kago, wato kayan da take turowa gida. Da muka sauka Addis Ababa don canjin jirgi ta riƙe hannuna kamar 'yarta, ga shi kuwa na girme ta. A nan na fara jin kunyar ƙauyancina. Na shiga yin alwala, na nemi kan famfo in murɗa, babu. Na laluba sama, na laluba ƙasa. Ina janye hannu ruwa ya zubo, ina miƙa hannu ya ɗauke. Sai da Hajiya Lami ta gama dariyarta sannan ta nuna mini inda zan tsayar da hannuna. Ta ce in saba, a can har ƙofa ba ta jiran a taɓa ta.

A filin jirgin Dubai aka sa na kalli wata na'ura ta ɗauki hoton idona. Na yi bisimilla a zuci na kalle ta, ita ma ta kalle ni, aka buga mini hatimi. A wajen duba kaya wani matashin ma'aikaci mai farar jallabiya ya sa na buɗe akwati. Ya ɗaga ganyen darbejiya ya ajiye, ya ɗaga kanwa ya juya ta. Da ya zo kan daddawa sai ya kwance bakin ledar ya kai hanci. Bayin Allah, na tausaya masa. Na tattaro Turancina na sakandare na gaya masa abin miya ne. Ya ja da baya yana kaɗa hannu, ya ce, "Halas, mama, yalla." Ban tsaya jiran wata magana ba.

Kafin in fita na nemi wajen salla, sai na ji wata mai goge ƙasa ta ce mini sannu da zuwa da Hausa. 'Yar Zangon Kumasi ce, sunanta Ayisha. Hausarta mai daɗi, sai dai kowa a bakinta "ka" ne, mace da namiji. Ta nuna mini alƙibla, ta tsare mini akwati har na idar, ta ce in na koma gida in sa ta a addu'a, ta daɗe ba ta ga uwarta ba. Har yau ina sa ta.

Yanzu ga surukina. Ba zan faɗi sunansa ba, kun san dalili. Baban Ummi muke ce masa. Ummi kuwa 'yarsu ce ta fari, shekararta biyar, sunana aka sa mata. Aikinsa tura wa 'yan kasuwa kaya ne daga wani ɗan ofis a unguwar Al Buteen. Yaro ne mai tarbiyya, ɗan Fagge. Ina fitowa na hango shi riƙe da hannun Ummi, yana hango ni ya cire takalmi a tsakiyar wannan fili mai sheƙi, ya durƙusa har ƙasa, kansa a sunkuye. Wata Baturiya ta tsaya tana taya shi duba ƙasa, ta ɗauka wani abu ya yar. Ni ma na kau da kai na amsa gaisuwar ina kallon akwatina.

A mota aka ɗora Ummi a kan aiki. Yana tuƙi ya ce, "Ummi, tambayi Hajiya ko sanyin motar ya yi yawa." Na ce, "Ummi, ki ce wa babanki ya yi daidai." Tsakanina da shi bai fi kamu ɗaya ba, amma haka muka yi har gida, yarinya tana juya kai tana kai saƙo tana kawowa, ita a ganinta wasa ne.

Gidansu a Al Nahda yake, bakin iyakar Sharja, can saman wani bene da ake hawa da lifta. Ɗaki ɗaya ne da falo, da madafa wadda in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya fita kafin a buɗe firji. Da na rungumi Bilkisu na ɗauki jaririn na manta da duk gajiyar hanya. An riga an yi suna kafin in iso. Ragon ma, wai ba a ga jininsa ba, daga mayanka aka kawo shi a yanke a cikin kwali kamar kayan shago.

Wanka dai mun yi shi yadda ya samu. Ba itace, ba tukunyar ƙarfe, sai hita da bokitin roba. Na jiƙa darbejiyata, na yi abin da uwata ta yi mini. Kunun kanwa kullum, farfesu da yaji. Ranar da na kunna turaren wuta kuwa, wani ɗan farin abu a jikin silin ya fasa ihu kamar an yanka akuya. Jariri ya farka, mai gadin bene ɗan Indiya ya hawo yana haki, maƙwabta suka leƙo. Ina tsaye da kasko a hannu ban san inda zan sa kaina ba, sai wata dattijuwa daga ƙofar da ke kallon tamu ta ratso mutane, ta karɓi kaskon ta kai baranda, ta ce mini, "Ke ma sai da kika yi? Duk mun yi." Ita ce Hajiya Mariyama, mutuniyar Damagaram, tsohuwar malamar Faransanci, tana zaune wajen ɗanta. Daga ranar muka ƙulla.

Duk wannan daɗi ne. Abin da ya fara ci mini rai shi ne zaman Baban Ummi. A gida, suruki da uwar matarsa suna da zaure, suna da tsakar gida, suna da katanga. Sai a yi shekara ba a haɗa ido ba kuma ba wanda ya takura. A can ƙofa ɗaya ce, bayan gida ɗaya, falon nan shi ne hanya, shi ne wajen cin abinci, shi ne makwancinsa tun da ya bar mana ɗaki. Sai ya zama kafin in fito salla da asuba ya fice, ba ya dawowa sai ya tabbatar mun shige. In tsautsayi ya sa muka haɗu, zai yi gyaran murya tun daga bakin lifta, ya shigo ya durƙusa, ya gaishe ni, sannan ya miƙe ya fita da baya da baya, don kada ya juya mini ƙeya. A bakin ƙofar kuwa akwai wata 'yar kantar takalma. Ba ranar da bai buge ta ba. Takalma su zube, ya tsince su yana ba da haƙuri, ni in yi kamar ban ji ba.

Da farko na ji daɗi, na ce 'yata ta samu miji mai kunya. Sai na lura kwanon abincinsa yadda aka rufe shi haka ake ɗauke shi. Hajiya Mariyama ce ta gaya mini, cikin raha, wai ɗanta yana ganinsa kullum a ƙasan bene, zaune cikin mota yana cin shinkafar 'yan Pakistan a roba. Rannan kuma na shiga ɗaki na tarar da Bilkisu tana shayarwa tana share hawaye. Da na matsa mata ta ce tun da na zo bai zauna ya riƙe ɗansa ya kalle shi da kyau ba, ita ma magana sai ta waya, alhali suna kwana a gida ɗaya. Ta ce ba laifina ba ne, ba kuma laifinsa ba.

Na kwana biyu ina juya maganar. Baƙo raɓa ne. Na zo in taimaka, ga shi na zama katanga tsakanin bawan Allah da iyalinsa, na kore shi daga gidan da yake biya wa haya. Na yanke shawara zan sa ya canja mini tikiti in koma kafin arba'in. Da na gaya wa Bilkisu ta riƙe hannuna ta ce wa zai yi mata wankan, wa zai riƙe mata yaro in ta shiga madafa. Ni ma zuciyata ba ta so. Amma na ce ranar Juma'a in ya dawo masallaci canja kaya zan aika Ummi ta gaya masa.

Da Hajiya Mariyama ta ji, sai ta ce to in tafiya zan yi, ba zan tafi ban sayi tsaraba ba. Ta ɗauke ni muka shiga jirgin ƙasan da ba direba, a taragon mata, muka sauka Deira. Daga nan muka hau abra, wani kwale-kwalen katako mai inji, don mu ƙetare ruwa zuwa Bur Dubai. Ba kujera, ba abin riƙewa, kowa ya zauna a kan dakali ya juya wa ɗan'uwansa baya. Duk addu'ar da na sani ta shiga abin hawa na karanta, na ƙara da wadda ba ta hawa ba. Ita kuwa tana cin gyaɗa. A kasuwar yadi wani Ba'indiye ya tare mu yana cewa, "Hajiya, zo ki gani, akwai arha," da Hausarsa tsaf. Na tsaya ina mamaki har ya sayar mini da mayafin da ban yi niyya ba. Da muka dawo ta Al Buteen muka ci tuwon shinkafa da miyar taushe a wani ɗan gidan abinci a saman bene, cike da 'yan Kano ana ta lissafin kwantena. Tuwon ba laifi, miyar dai ba ta ji daddawa ba. Na so in ce musu ina da ita a gida.

Ranar Alhamis bayan la'asar ta shigo mana da wata tsohuwar na'urar faifai a hammata da wani ɗan kwali. Ta ce gidan nan ya yi shiru da yawa, za ta nuna mana fim ɗin da take nuna wa ɗalibanta a Damagaram. Kun san ni da kallo ba mu saba ba, na ɗan yi jim. Ta ce in kwantar da hankalina, rimot yana hannunta. Haka kuwa aka yi: duk inda ta san akwai abin da bai kamata ba sai ta danna, mutane su ruga da gudu kamar an biyo su, har a wuce wajen.

Labarin wani marubucin wasan kwaikwayo ne na ƙasar Faransa a zamanin da, lokacin sarakuna. Shi da 'yan wasansa suna yawo gari gari a keken doki. Burinsa ya yi wasan ban tausayi mutane su yi kuka, amma duk sanda ya buɗe baki sai a fashe da dariya. Da ya gaji ya rungumi abin da Allah ya ba shi, ya shiga rubuta wasannin da ke tsokanar marowata, da likitocin ƙarya, da masu fakewa da addini suna cin dukiyar mutane. Na ce wa Hajiya Mariyama ashe su ma suna da su. Ta ce, "Wi, ma sher, ko'ina akwai su." Ita ke fassara mana, tana canja murya, in ta yi zafi ta manta ta ci gaba da Faransanci sai Bilkisu ta taɓo ta.

Shigar mazan ce ta fi ba ni mamaki. Kowane namiji da gashin doki har kafaɗa, a nannaɗe kamar bayan tunkiya, ga takalmi mai tsini, ga hoda a fuska. Gaisuwarsu kuwa aiki ce: a cire hula, a zagaya da ita a iska, a ja ƙafa ɗaya baya, a sunkuya. Akwai inda marubucin ya je gaban sarki, ya yi wannan gaisuwa, ya gama maganarsa, ya fita da baya da baya cikin natsuwa har ya ɓace. Na ce a raina, wannan ko a Fagge aka haife shi sai haka.

Mun yi dariya har jariri ya tsorata. Amma ƙarshen bai yi mini daɗi ba. Mutumin ya tsufa, yana kan dandamali yana wasan marar lafiya, sai ciwon gaske ya kama shi. Yana tari, jama'a suna tafi, sun ɗauka wasa ne. Aka ɗauke shi, rubutu ya fara hawa. Na share ido da bakin mayafi. Hajiya Mariyama ta ce za ta bar mana na'urar, gobe za su Abu Dhabi ita da ɗanta. Bayan ta fita na buɗe kwalin in mayar da faifan, sai na ga ashe biyu ne a ciki. Raina ya yi sanyi. Ai mu nan kowa ya sani, fim in ya ƙare a kan gadon asibiti, ci gaban yana na biyu. Na ce ashe bai mutu ba, gobe zan ga yadda ya tashi.

Juma'a ta zo. Bayan azahar Bilkisu ta kwanta da jariri. A ka'ida wannan lokacin ba na zama a falo, amma ranar dole in jira shi. Na zaunar da Ummi kusa da ni, na maimaita mata saƙon har ta haddace. Zaman jira ya yi mini tsawo, na ce bari in sa na biyun ko zuciyata ta lafa. Wasu rubuce-rubuce suka fito da Faransanci. Ni Faransancina na makaranta daga gaisuwa sai ƙirga ɗaya zuwa goma. Na danna maɓallin tsakiya na bar wa Allah.

Sai ga mutumina, garau, zaune a kujera yana shan shayi a kofin takarda. Na ce alhamdu lillahi. Sai kuma na ga kansa a aske, ga shi cikin 'yar riga mai gajeren hannu. Kusa da shi sarki ne, da tabarau, yana latsa waya. Na ce to, ko sun yi hijira ne? Aka nuno fadar sarkin, na ga gabanta ne kawai fada, bayanta katako ne aka tokare. Aka nuno wasu mata suna taje gashin dokin nan a kan gumaka, wata tana ɗinka riga tana cin burodi. Sarki ya bi layi da faranti a bayan mai share masa fada. A nan na gane ba ci gaban labari ba ne. Kamar a ce kin gama cin tuwon biki ne aka kama hannunki aka shiga da ke madafa, kika ga masu tuƙi da gumi da toka.

Har na kai hannu zan kashe, sai aka shiga nuna wuraren da suka yi kuskure aka sake. Ga wajen gaisuwar nan da ta burge ni. Ya cire hula, ya sunkuya, ya fara ja da baya, sai ƙum, ya bugi ƙofa. Aka sake. Ya ja da baya a hankali yana leƙe ta ƙasan hammata, ya ture abin ɗora kyandir. Aka sake. Wannan karon da ya sunkuya gashin ne ya faɗo gaban sarki, ya tsaya da kansa ƙwal. Sarki ya cije leɓe yana son ya riƙe girma, gashin bakinsa na manne ya saki gefe ɗaya yana lilo. Bayin Allah, na manta inda nake. Ɗankwalina ya zame, ina riƙe da ciki, hawaye na zuba.

Ummi tana tsalle a kan kujera ta nuna talabijin ta ce, "Kaka, irin na Abba ne. Shi ma haka yake zubar da takalma."

Sai na ji wani sauti a bayana, kamar mutum ya toshe baki abu ya fi ƙarfinsa. Na waiga. Baban Ummi ne tsaye da darduma a kafaɗa. Ashe ya yi gyaran muryarsa, ya yi sallama, ba wanda ya ji. Kafaɗunsa suna rawa. Muka haɗa ido, karo na farko tun ranar ɗaurin aure. Ya yi sauri ya durƙusa, ni na ja ɗankwali, ya miƙe ya fara ja da baya. Wallahi ina ganin abin yana zuwa, na buɗe baki in ce ya kula, ban samu dama ba. Kantar takalman nan ta kife gaba ɗayanta.

Ya zauna daɓas a cikin takalma ya saki dariyar. Ni ma na kasa daurewa. Bilkisu ta fito da jariri a kafaɗa tana tambaya lafiya, ta gan mu, ta ga Bafaranshe a talabijin yana sake buge ƙofa, ta jingina da bango ita ma.

Da muka lafa kowa ya koma kallon ƙasa. Ummi ta tuna aikinta. Ta je gabansa ta tsaya ta ce Kaka ta ce a canja mata tikiti za ta tafi gida, don Abba ya daina cin abinci a mota. Wannan na ƙarshen ba ni na sa ta ba.

Na ga fuskarsa ta canja. Ya ce, yana kallon takalmin da ke hannunsa, "Ummi, ki ce wa Hajiya ta yi mini rai. Ni ina tsammanin sarari nake ba ta ta sake. In ta tafi saboda ni, da wane ido zan kalli Malam?"

Na tuna abin da malamarmu ta sha faɗa mana a aji, cewa a shari'a uwar matar mutum muharramarsa ce, kamar uwarsa. Kunya ado ce, ba mu yar da ita ba, amma ban taɓa jin inda aka ce ta hana mutum cin tuwon gidansa ba. Na ce, "Ummi, ki ce wa babanki ya tsince takalman nan ya wanke hannu. Miyar kuka ce, da daddawar Kano."

Ya ci a falo, ya ɗan ba ni gefe, ni ina zaune a tabarma a bakin ƙofar ɗaki ina jijjiga jariri. Ya yi ƙari. Da ya gama Bilkisu ta miƙa masa ɗansa, ya riƙe shi har aka kira la'asar. Maganar tikiti ba wanda ya sake tayar da ita.

Da Hajiya Mariyama ta dawo na ba ta labari ta yi dariya har da tari. Ta ce wannan faifan ƙari ne da ake sa wa masu kallo a gida, su ga yadda aka yi aikin, ita ko ɗalibanta ba ta taɓa nuna wa ba. Na tambaye ta to mutumin ya tashi ko bai tashi ba. Ta ce ya rasu tun ɗaruruwan shekaru. Na yi jimaminsa, don na riga na saba da shi. Ranar Asabar muka sake kallon na biyun gaba ɗayanmu tana fassarawa, Baban Ummi a can ƙarshen kujera, ni a wannan ƙarshen. Kantar takalma kuwa ya fitar da ita baranda da kansa.

Na zauna har aka yi arba'in, na ga Bilkisu ta murmure ta yi kumatu. Bai daina durƙusawa ba, ni ma ban fara kiran sunansa ba, kuma yawancin maganarmu ta hannun Ummi ta ci gaba da bi. Amma yana dawowa da wuri, yana cin abinci da zafinsa, wani lokacin har ya kawo mini shayin karak a kofin takarda, ya ajiye kusa da ni ya ce Ummi ta ce wa Hajiya kada ya huce.

Ranar komowa Bilkisu ta yi kukanta a gida, shi da Ummi suka raka ni filin jirgi. A bakin inda ba a wucewa ya cire takalmi ya durƙusa kamar ranar farko. Ina da magana cike da ciki: godiya, da albarka, da amanar 'yata da na ga ya riƙe. Na sunkuya wajen yarinyar na fara, "Ummi, ki ce wa babanki..."

Ta zare hannunta daga nawa, ta kama haɓar mayafina ta juyo da fuskata wajensa.

"Kaka, ai kun riga kun yi dariya tare. Ga shi nan, ki faɗa masa da kanki."